Hantsin da Na Tare wa Maƙwabciyata

Shekarar da gwiwoyina suka ƙi ni, ina zaune a gidan ɗana a Woodbridge, cikin jihar Virginia. Ɗan farina ne, saboda haka ba na kiran sunansa, ba na kuma zama in yi doguwar magana da shi ido cikin ido. Haka aka tarbiyyantar da mu, haka na tsufa. Injiniya ne. Da asuba yake fita ya shiga jirgin ƙasa zuwa Washington, ba ya dawowa sai rana ta faɗi. Matarsa tana aiki a asibiti, 'ya'yansu mata biyu suna makaranta. Da zarar an ja ƙofa da safe, gida ya zama daga ni sai ƙugin firij.

Gidan tsohon gini ne na katako, hawa biyu. Ɗakunan kwana a sama, banɗaki a sama, ƙasa kuwa falo ne da kicin kawai. Tsakanin ƙasa da sama akwai matakala goma sha uku. Na ƙirga su da ƙafa, na ƙirga su da zuciya. Da farko ina hawa ina dafa ƙarfen gefe. Daga baya ina hawa ina hutawa a tsakiya. Daga baya kuma, idan na tabbatar babu kowa a gida, sai in zauna a kan mataki in riƙa jan jiki ina hawa da baya, ɗaya bayan ɗaya. Akwai ranar da ban kai sama a kan lokaci ba. Ba zan faɗi fiye da haka ba. Na wanke matakalar da hannuna, na wanke zanena, na shanya shi a lungu bayan kwandon shara inda nake zaton ba mai gani. Surukata ta gani. Ba ta ce mini komai ba, Allah ya yi mata albarka, amma ta gaya wa mijinta, shi kuma ya ƙudurta zai gina mini ɗaki a ƙasa da banɗakinsa a ciki.

To, kafin in kai ku ga ginin, sai na fara kai ku ga matar da ke ƙetaren shinge.

Maƙwabciyarmu ta yamma Bahaushiya ce ta Zangon Kumasi, a ƙasar Gana. Mijinta ya rasu kafin in zo, 'ya'yanta sun watse a jihohi, ita kaɗai ce a gidan. Ta yi shekaru tana aikin jinyar tsofaffi a gidajensu, ta yi musu wanka, ta juya su a gado, har bayanta ya ce ya isa, ta ajiye. Ranar da muka fara haɗuwa ina shanya a filin baya, ina mita ni kaɗai a kan sanyin ƙasar nan, sai na ji an ce daga bayan shinge, "Ei, wannan bakin na Kano ne!" Na juya na ga mace kakkaura, da malafa a kan ɗankwali, da 'yar fartanya a hannu. A lokacin na yi wata bakwai ban ji Hausa a bakin wanda ba ɗan gidanmu ba. Rigar da nake shanyawa ta suɓuce ta faɗi a ciyawa, ban ma sunkuya na ɗauka ba.

Tun daga ranar ta raɗa mini Bakanuwa, ni kuma na raɗa mata 'yar Zango.

A jikin shingenmu, ta gefenta, tana da ɗan fegi, bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Amma me babu a ciki? Kuɓewa, gauta, attaruhu, yakuwa a gefe, da lalo wanda ita take ce wa ayoyo. Irin gautar tun na mijinta ne. Shi ya fara shukawa, kuma kowace kaka sukan bar 'ya'ya biyu su nuna a jikin uwa har su yi ja, a fasa, a shanya, a zuba irin a kwalba. Bayan ya rasu ta ci gaba. Ba ta taɓa ce mini don shi take yi ba. Amma na ga yadda take buɗe kwalbar.

Kowace safiya ta lokacin zafi, da an watse a gidanmu, sai in ja kujerar roba zuwa bakin shinge.

"Bakanuwa, kin tashi ko har yanzu kina sarauta a gado?"

"Na tashi tun kina minshari, 'yar Zango. Ya kuɓewa?"

"Tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki ba za ta bi wannan tuwon naku mai kama da dutse ba."

"Gara dutse da naku da ake sha da cokali."

Sai ta yi dariya har malafar ta karkace, ta miƙo mini kuɓewa cikin leda ta saman shinge. Ni kuma in miƙa mata kuka ko daddawa idan an kawo mana daga gida. Shekara uku muka yi a haka.

Ni 'yar manomi ce. Ban yi boko ba, takarda ba ta yi mini magana, amma inuwa na san ta, da ita na yi azahar da la'asar tun ina budurwa. Na san fegin nan ba shi da rana sai ta safe. Takan ɓullo ta bayan kicin ɗinmu, inda babu gini sai ciyawa, ta tsallake shinge ta sauka a kan shukar tun hantsi har zuwa azahar. Daga azahar gidanta da dogayen itatuwan da ke bayansa sukan rufe wurin. Wannan rabin yinin shi ne abincin fegin gaba ɗaya. Ku riƙe wannan, domin a nan laifina yake: na sani.

Akwai kuma wani abin da na sani. A garinmu, a ƙasar Kano, ba a ɗora tubali a kan tubali sai maƙwabci ya ji. Ina yarinya mahaifina ya tashi yin soro. Kafin a kwaɓa ƙasa, ya sa goro a aljihu, ya yi sallama a gidan maƙwabcinmu, aka kawar da mata, ya shiga ya tsaya a tsakar gidan mutumin, ya ɗaga kai yana duban inda ginin zai tashi. Daga can ake duba gini, daga gidan wanda zai zauna a ƙarƙashinsa. Suka duba ko wanda ya hau soron zai hango matan gidan. Suka duba inda indararo zai zubar da ruwa. Maƙwabcin ya nuna wurin da matarsa take shanyar barkono, mahaifina ya ja ginin baya da taku uku. Babu alƙali, babu takarda. Magini ma ba ya taɓa ƙasa sai ya ji maƙwabci ya ce Allah ya sa albarka. Da wannan na tashi, da shi na yi wa 'ya'ya faɗa, da shi na yi wa na wasu ma.

Wata Asabar, ƙarshen sanyi, bayan azahar, ɗana ya shimfiɗa manyan takardu biyu a kan teburin cin abinci, ya danne gefensu da kofuna. Surukata ta zauna kusa da ni. Shi yana magana yana kallon takarda, ni ina saurare ina kallon matarsa, kamar yadda muka saba.

Ya ce ɗakuna biyu yake so, nawa da kuma na baƙi, tun da 'yan uwa suna yawan sauka. Zane na farko gajere ne, a kwance: ɗakunan biyu a jere a ƙasa, sun miƙe can baya, nesa da shingen maƙwabciya. Zane na biyu dogo ne, a tsaye: nawa a ƙasa, na baƙi a kansa, a jikin kicin, ta gefen shingenta.

Na ce wa surukata, "Tambaye shi wanne ya fi."

Ya ce, "Inna, na kwancen ya fi kyau, ya kuma fi sauƙin gini. Matsalarsa ɗaya. Kowace unguwa a nan hukuma ta riga ta yanka mata ƙa'ida, zonin suke ce mata. An faɗi irin ginin da za a yi, an faɗi iyakar tsawonsa, an faɗi tazarar da za a bari tsakanin bango da iyakar fili. Na kwancen ya zarce layin baya da 'yan ƙafafu. Idan an zarce layi, sai an nemi izini na musamman."

"Tambaye shi yaya ake nemansa."

"Za a kafa allo a ƙofar gida, a aika wa maƙwabta wasiƙa, a sa rana. Akwai kwamiti da ke zama. Duk mai magana ya zo ya faɗa. Mu kuma mu tashi mu bayyana dalilin da ya sa muke son zarcewa. Yakan ɗauki watanni."

Na ce, "Wane dalili?" Wannan karon ban bi ta kan surukata ba, maganar ta kuɓuce mini.

Ya ce, "Lalurarki, Inna. Cewa ba kya iya hawa. Wataƙila su nemi takardar likita."

Na hango kaina a zaune a gaban baƙin maza, ɗana na fari a tsaye yana ba su labarin jikina da Turanci, ana rubutawa, maƙwabta suna saurare. Na hango matakalar nan da ruwan sabulu a kanta.

Na ce wa surukata, "Na tsayen fa?"

Ya ce, "Shi yana cikin layi ta ko'ina. Tsawonsa bai kai iyaka ba, tazararsa da shinge ta cika. Irin wannan haƙƙin mai fili ne. In kai zane ofis, su duba ƙarfin gini da waya da famfo, su buga hatimi. Babu allo, babu wasiƙa, babu zama."

"Ba sai an tambayi kowa ba?"

"Ba sai an tambayi kowa ba."

Surukata ta ce, "Inna, ke za ki zauna a ciki. Ki zaɓa."

Ban iya karanta zane ba, amma na tambayi inda kicin yake, aka nuna mini. Na tambayi inda shinge yake, aka nuna mini. Na ɗaga ido ta taga na dubi ciyawar bayan kicin, na tayar da bango hawa biyu a kanta a cikin raina, na kwantar da inuwarsa ta hantsi. Ta tsallake shinge. Ta rufe tabarma shidan nan har da saura. Ɗana bai gani ba, shi da ke fita da duhu ya dawo da duhu, bai taɓa ganin fegin da hantsi ba sai dai ranar hutu, kuma ranar hutu barci yake ramawa. Matarsa ba ta gani ba. A teburin nan mutum ɗaya ne ya gani.

Na sa yatsa a kan na tsayen, na ce, "Wannan."

Na gaya wa kaina abubuwa da yawa a kwanakin da suka biyo baya. Na ce ƙasar mutane ce, dokarsu ce, su suka san abin da ya dace da unguwarsu. Na ce da akwai cuta a ciki da hukuma ba ta yarda ba. Na ce ɗan fari ne, ba zan zauna ina jayayya da shi a kan gini ba, alhali ba jayayya aka nema ba, zaɓi aka ba ni. Na ce zan gaya mata, sai dai ba yau ba. Doka ba ta ce in je ba, gaskiya ne. Amma doka ba ta ce kada in je ba. Tsakanin ƙofarmu da tata bai kai taku arba'in ba, kuma babu mataki ko ɗaya a hanyar.

Hatimi ya fito cikin 'yan makonni. Sanyi ya janye, itatuwa suka yi toho, wasu mutane suka zo suka auna bayan kicin, suka kakkafa turaku masu jan ƙyalle. Washegari da safe na ja kujerata bakin shinge. Tana durƙushe tana dasa 'ya'yan gautar da ta rena a kan tagar kicin ɗinta tun ana ƙanƙara.

"Bakanuwa, me nake gani? Masallaci za ku gina mana?"

Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Na ce, "Ɗan ɗaki ne. Saboda ƙafata."

Ta miƙe tana dafa ƙugu, fuskarta ta washe. "Alhamdulillahi! Ai na daɗe ina cewa a raina, yaron nan injiniyan me ne, uwarsa tana hawa sama kamar mai gyaran eriya? To, kin huta. Allah ya sa albarka, Allah ya sa ki shiga da ƙafar dama."

Na ce amin. Na amsa da bakina. Kalmar da maginin garinmu yake jira kafin ya taɓa ƙasa, ga ta an ba ni, kuma na san da awon ƙarya na karɓe ta. Ɗan ɗaki, na ce. Washegari ta dafa shinkafa da wake irin nasu, mai ja, da yaji baƙi, ta miƙo ta saman shinge, ta ce na murnar ɗaki ne. Na ci. Wallahi na ci, har na suɗe hannu.

Ginin nan na ƙasar nan ba ya jira. Aka zuba siminti, ya bushe, aka kawo katako. Kwana kaɗan hawa na ƙasa ya tsaya. Ta leƙo ta ce ya yi kyau, ta tambaya ina za a sa taga don ta riƙa tsokanata ba sai na fito ba. Sai wata safiya ma'aikata suka hau kansa suka fara tayar da wasu katakan. Ina kallo ta tagar kicin. Tana ban ruwa, ta ɗaga kai. Ta daɗe a haka, ruwa yana zuba a wuri ɗaya har ya yi kududdufi a gindin kuɓewa. Daga nan ta sunkuyar da kai ta dubi ƙasa, ta bi inuwar katakan da ido har inda ta ƙare. Ita ma 'yar noma ce.

Ban fita ba ranar. Da ta hango ni bayan kwana biyu, abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe dogo ne."

Na ce, "Haka yaran suka tsara."

Wannan ce ƙarya ta biyu, kuma ta fi ta farko muni, don na jingina ta a kan ɗana.

Na tare a ɗakin tsakiyar zafi. Ɗaki ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Daga gado zuwa banɗaki taku shida, da ƙarfen dafawa a bango, da wurin zama a yi alwala. Tagar tana kallon feginta, kamar yadda ta roƙa. Ta wannan tagar na kalli abin da na yi, kullum, tun daga farko har ƙarshe. Rana ba ta taɓa shukar sai gab da azahar, ta ɗan leƙa kamar mai gaisuwar mutuwa, ta wuce. Kuɓewa ta yi tsawo, siririya, tana miƙa wuya, ta yi fure ya zube. Attaruhu ya tsaya ganye. Ƙasar ba ta bushewa, katantanwa suka samu gida, suka cinye ayoyo. Gautar ta yi 'ya'ya ƙanana kamar ƙwan tattabara, suka yi baƙi a gindi suka faɗo tun ba su nuna ba.

Ba ta daina fitowa ba. Takan zo da malafarta, ta cire katantanwa ɗaya-ɗaya, ta ɗaure abin da ya kwanta. Ni na daina fitowa. Idan ta ɗaga kai wajen tagata sai in ja baya. Surukata ta tambaye ni ko mun yi faɗa ne, na ce ƙafa ce. Ƙafar da aka gina wa ɗaki, ita na sake ɗora wa laifi.

Da kaka ta yi, ganye ya fara zuba, wata Juma'a na ga tana tuge turakun da take ɗaure kuɓewa, tana tara su a gefe. Ba ta bar komai ya nuna don iri ba, babu abin bari. Na yi la'asar, na daɗe a kan darduma. Sannan na yafa mayafi, na ɗauki sandata, na fita ta ƙofar gaba na zaga. Shekara uku da rabi muna tare, ban taɓa shiga filinta ba, kullum ta shinge muke.

Na yi sallama, ta amsa ba ta juyo ba. Na shiga na tsaya a tsakiyar fegin, na ɗaga kai. Daga can ban gane ɗakina ba. Bango ne kawai, fari, ya tafi sama, da taga biyu suna kallon mutum. Ƙasar da ke ƙarƙashin takalmina sanyi gare ta kamar bakin rijiya.

Ta ce, "Yau Sarauniyar Kano ta sauko. Bari in kawo kujera."

Na ce, "Bar kujerar, Hajiya. A tsaye zan faɗa."

Da ta ji na ce Hajiya, ta ajiye turken da ke hannunta.

Na ce, "Ba yaran suka tsara ba. Ni na zaɓa. Na san inuwar za ta faɗo nan tun abin yana takarda." Na gaya mata akwai wani zanen, gajere, wanda da bai taɓa feginta ba. Na gaya mata maganar allo da wasiƙa da zaman kwamiti, da dalilin da za a tashi a faɗa a gaban mutane. Na gaya mata ranar da ta sa albarka na san abin da nake karɓa.

Ta shiga goge ƙasar hannunta a jikin zane, tana sake gogewa.

Ta ce, "Yaya." Ba ta taɓa kirana haka ba. "Wato kunyar baƙi kika ji, kada su san tsohuwa ta yi fitsari a matakala."

Na runtse ido.

"Buɗe idonki, ni ce. Na ga zanen da kika shanya a bayan kwandon shara tun ranar. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina wanke tsofaffi, farare da baƙaƙe, masu kuɗi da marasa shi, kina zaton akwai wanda jiki bai ci amanarsa ba? Mutanen kwamitin nan ma suna da uwaye. Da an kawo mini wasiƙar nan, da ni zan riga kowa zuwa. In ɗaura ɗankwalina na Idi, in zauna a layin gaba, in gaya musu da Turancin da suke ji, ku bar tsohuwa ta yi ɗakinta. Da na kwaso matan masallacinmu mota guda."

Na ce, "Na sani."

"Ba ki sani ba. Da kin sani da kin zo."

Na ce, "Ki yafe mini don Allah."

Ta ce, "Na yafe. Tun da kika haɗa da Allah, na yafe, ba za ki tsaya da ni gobe kiyama a kan gauta ba. Amma ki bar ni in yi fushina tukuna, ban gama ba."

Na tambaye ta irin da ke kwalba. Ta ce akwai saura kaɗan na bara. Ta ce ta duba gaban gida, itatuwan titi sun rufe shi, kuma bayanta ba zai iya sarar sabuwar ƙasa ba ko da akwai rana. Ta ce za ta aika wa 'yarta da ke wata jiha, wataƙila ta shuka, wataƙila ta manta shi a durowa. Ta raka ni har bakin ƙofarmu tana riƙe da gwiwar hannuna, irin riƙon masu jinya, mai ƙarfi.

Bayan mako biyu ta tare ɗana a bakin mota ranar Lahadi. Suka gaisa, ya rusuna. Ta ce tun da shi mai ilimi ne, ya taimaka ya binciko mata irin ciyawar da ke fitowa a inuwa, tana son ta rufe wurin nan kada ya zama taɓo. Ya je ya duba wurin. Ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakina, fuskarsa wani iri.

Ya ce, "Inna, lambun Hajiya ya mutu. Ginin nan ne. Na auna komai, tsawo, tazara, inda ruwan sama zai bi. Babu inda aka tambayi inuwa a takardun, ni kuma ban yi tunaninta ba."

Matarsa ba ta nan, babu wanda zan bi ta kansa. Na dube shi sosai, abin da ban saba ba, na ce, "Ni na yi tunaninta. Tun a tebur."

Yaro ne mai ladabi, bai tambaye ni dalili ba. Da ya tambaya da ya fi mini sauƙi. Ya koma wurinta ya ce zai sare mata sabon fegi a can ƙarshen filinmu inda rana ke yini, ya buɗe mata ƙofa a shinge. Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta ce a shekarunta ba za ta riƙa shiga filin mutane da fartanya ba. Ya nace, ta ce ciyawar dai.

Shi ya sayo irin ciyawar, shi ya baje ƙasar da manjagara wata Asabar da hantsi, cikin inuwar ɗakina. Ita tana tsaye tana nuna masa inda ya tsallake, tana ce masa injiniyan da bai iya riƙe manjagara ba. Na buɗe tagar, na tsaya a jikinta, ban ja baya ba. Ta ɗaga kai ta gan ni. Ba ta ce Bakanuwa ba, har yau ba ta koma faɗa ba, ni kuma ban tambaye ta ko ta gama fushin ba.

Ta ce, "Yaya, ya ƙafa?"

Na so in ce tana nan yadda take. Amma na riga na yi mata ƙarya biyu, kuma gaskiyar ita ce tun da na daina hawa kumburin gwiwar ya saɓe, ina barci, ina sallah ba tare da hawaye ba.

Na ce, "Da sauƙi sosai."

Ta gyaɗa kai, ta ce madalla, ta juya ta miƙa wa ɗana buhun irin.